Yadda Gwamma Ta Shiga Birnin Ƙyamare da Baya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa ya kafa tudu, ya ba iska izinin tashi ya kuma ba ta izinin kwanciya, nake buɗe bakina. Ku matso ku gyara zama. Mai goro ya fasa, mai gardama ya ajiye ta tare da takalminsa a bakin ƙofa, in zai fita ya ɗauki abarsa.

Ni ne Nomau ɗan Korau, haifaffen Tudun Ƙaya, garin da babban ruwansa shi ne kududdufin bayan mahauta. Da jakuna na tashi. Ina da wani jaki wanda in ya ce gabas za shi, ko ka haɗa hannu biyu da sanda da addu'a ba ka juya shi yamma. Wata shekara na bi fatake har bakin Tekun Toka, na ga jirgin 'yan kasuwa wanda ya fi masallacin Juma'ar garinmu girma, shaƙe da kaya, ga wani siririn mutum a bayansa riƙe da sanda ɗaya. Ya ɗan tura ta, sai wannan ƙaton gini na katako ya karkata ya bi inda aka ce masa. Abin ya tsaya mini a rai. Na sayar da jakunan, har da mai taurin kan, na ce ba ni komawa gida sai na san abin da ke sa jirgi ya ji magana.

Na yi ta yawo a tashar Bakin Gishiri ina tambaya ana yi mini dariya, har wata safiya na ji ana cigiyar mai girki a wani jirgi mai suna Zabuwa. Nasu ya gudu da ya ji inda za su. Mai jirgin mace ce, Gwamma 'yar Bagudu, doguwa, mai tsadar dariya, wadda muryarta ke kaiwa ƙarshen jirgi ba tare da ta ɗaga ta ba.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan tudu, ka iya girki?"

Na ce, "Na iya ci, uwar ɗakina. Sauran zan koya a hanya."

Ta ce, "To kafin ka sa ƙafa, ji inda za mu, kada kai ma ka gudu mini da ludayi."

Birnin Ƙyamare za su. Yana can ƙarshen teku a bakin wani tafki mai lafiya, amma ba a shigarsa sai ta wani lungun ruwa mai lanƙwasa, ganuwar dutse dama da hagu. Kullum da safe mutanen birnin sukan shafe ganuwar da shuni. Duk jirgin da ya fito daga lungun da shuɗi a jikinsa, ko da faɗin ɗan yatsa ne, ya zama na gari: a farfasa shi a yi ƙyamaren ɗakuna da katakonsa. Shi ya sa babu birnin da ya kai shi kyawawan ƙofofi. Mai jirgin kuma ba ya sake hawa ruwa. A nan zai zauna, sai fa in ɗansa na cikinsa, namiji ko mace, ya shigo da wani jirgin ba tabo, sannan a sallame shi.

Gwamma ta ce, "Babana yana can tun ina budurwa. Jirginsa ya goga a lanƙwasa ta ƙarshe. Ba shi da kowa sai ni, ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. In Zabuwa ta taɓa, mu biyu za mu ƙare rayuwa a can muna kallon ƙofofi."

Na ji tausayinta, na kuma ji tsoro, amma son sani ya rinjaye su. Na hau.

Kwanakin farko kifaye ne suka ci moriyar girkina, don duk abin da na sa a ciki sai na mayar musu. Da cikina ya lafa, sai na mai da wurin yankan albasata kusa da Gwamma, ina yanka ina hawaye ina tambaya. Ta nuna mini wani faffaɗan allo da ke nutse a bayan jirgi, suna ce masa wutsiya, sandar da ke hannunta kuwa ita ce ke karkata shi.

Ta ce, "Kai kana zaton wutsiya ce ke juya jirgi. Ruwan da ke wucewa ta jikinta ne ke yi. In jirgi yana tsaye, ko yana tafiya daidai da gudun ruwa, murɗa ta har kafaɗarka ta fita, ba abin da zai motsa. Kuma ba goshi ke fara juyawa ba, baya ne ke zamewa gefe. Shi ya sa masu goga ganuwa da baya suke gogawa, idonsu yana can gaba."

Na ce, "Ke nan kowane jirgi haka yake?"

Ta ce, "Jakunanka halinsu ɗaya ne? Sauran yana ga yadda masassaƙi ya fafe cikinsa. Yi haƙuri, za ka gani."

Ban daɗe ina haƙurin ba. Wani hantsi, iska ta yi sanyi muna rarrafe, sai ga wani abu ya ɓullo daga arewa, tsini kawai muke gani, ya nufo mu. Matuƙan Zabuwa suka ce jirgin Zangarniyawa ne. Su waɗannan mutane sun ɗauka canja hanya aikin maƙaryata ne, saboda haka suke sassaƙa jiragensu sirara, dogaye, da ƙashin baya mai zurfi a ƙarƙashi, yadda ko sun so juyawa ba za su iya ba. Tsawon jirgin ya kai na goshi ya yi sallar azahar na baya yana walaha. Ba su tsayawa a tasha. In sun zo wucewa sai su yi ta jefa haja a gaɓa, mutanen gari su jefo musu musaya.

Na ga tsinin nan ya saita tsakiyar Zabuwa, daidai inda tukunyata take. Na ce, "Uwar ɗakina, juya mana."

Ta ce, "Da wane ruwan? Ba ka ga ko tafiya ba mu yi ba?"

Sai ta sa aka saki dukan zannuwan iska, ta bar Zabuwa ta ci gaba da ratsa hanyar abin da zai tsaga mu. Ni dai na rungumi tukunya na fara salati. Sai da na ji ruwa ya fara waƙa a jikin katako, alamar mun samu gudu, sannan ta kwantar da sanda gefe guda. Bayan Zabuwa ya zame, tsinin ya wuce mu kusa ƙwarai, har mai girkinsu da ke goshi ya miƙo hannu ya ce in taimaka masa da barkono. Na ba shi. Jirgin ya yi ta wucewa, ya yi ta wucewa, har na gaji da kallo na zauna. Ko da ƙarshensa ya iso, wani ya miƙo mini akushin miya da zafinta, ya ce in ji mai girki, a gode. Barkonon ya ɗan yi yawa.

Bayan wannan muka shiga ruwan Kewayawa, su kuma nasu jirgin zagaye yake kamar ƙwarya, ba ƙashin baya ko kaɗan. In mai riƙe da sanda ya yi atishawa sai jirgin ya dubi inda ya fito. Suka tare mu suka tambayi hanyar garinsu, alhali ga rimin garin can ana hange. Muka nuna musu. Da la'asar sai ga su ta hagu, sun sake tambaya. Washegari suka ɓullo ta dama. Shugabansu ya gaya mini, ba tare da wata damuwa ba, cewa da ƙwai suka taso daga kasuwa, yanzu kuwa kaji za su sauke in Allah ya kai su.

Gwamma ta ce mini, "Ka gani? Wancan ba ya jin maganar kowa, wannan kuma kowa ya yi magana sai ya ji, har iska da kifi. Zabuwa tsakaninsu take. Babana ne ya zana cikinta a kan yashi kafin ya tafi: ƙirji mai faɗi don kaya, baya siriri don ruwa ya isa wutsiya a miƙe."

Ruwan shan Kewayawa ya ƙare, ga kaji suna haki, sai Gwamma ta raba namu biyu ta ba su. Wannan alherin ne ya ja mana abin da ya biyo baya, don dole muka ratse Tsibirin Bangwal neman ruwa, shi ne tudu na ƙarshe kafin Birnin Ƙyamare.

Mutanen Bangwal masu karamci ne. Suka cika mana randuna, suka ƙi karɓar komai, sai dai suka ce dattawansu suna da ɗaurin aure a Birnin Ƙyamare, ko za mu rage musu hanya? Wanda ya shayar da kai ba ka ce masa a'a. Gwamma ta amsa tun ba ta ga dattawan ba.

Da suka fito na fahimci abin da ya sa tsibirin ba shi da jirgin kansa. A Bangwal ba a naɗa mutum dattijo sai ɗamarar mutum biyu ta kasa zagaye shi. Suka taho a jere suna numfashi, babbansu Dattijo Cindo a gaba, cikin wata farar riga wadda za ta rufe rumfar kasuwa. Gudummawarsu ga amarya kuwa turame ne na dutse, kowa da nasa, kuma ba mai yarda nasa ya yi nisa da shi. Suka wuce kai tsaye zuwa goshin jirgi suka zauna, Cindo a can kan tsini, sauran a bayansa bisa girma.

Goshin Zabuwa ya sunkuya kamar akuya a bakin rijiya. Bayanta ya ɗaga, rabin wutsiya ya fito yana shan iska. Da muka tashi sai jirgin nan mai ladabi ya koma ɗan'uwan na Kewayawa: a ce masa dama ya yi shiru, can kuma ya zabura ya wuce inda aka ce, a dawo da shi ya zarce hagu. Gwamma ta sa aka kwashe buhunan dabino da na gishiri aka mayar baya, duk da haka dattawa sun rinjaya.

Ta je ta durƙusa gaban Cindo ta ce, "Baba, don Allah a taimake ni a koma baya. Akwai inuwa can, ga shimfiɗa. Jirgin ba ya juyuwa, kuma kun san hukuncin lungun da za mu shiga."

Cindo ya ce, "'Yata, mun ji labarin mahaifinki, Allah ya fid da shi. Addu'a kuwa za mu yi miki har mu gaji. Amma batun komawa baya, kada ki sake ɗauko shi."

Ta dawo idonta ya yi ja. Ban taɓa ganin ta haka ba, raina ya ɓaci ƙwarai, na ce bari in gwada tawa dabarar. Na yi dambun kifi da man shanu, na ajiye a can baya inda iska za ta kai musu ƙamshi, na ce abinci ya sauka, amma tukunyar ta fi ƙarfin ɗauka. Na ga maƙogwaronsu yana motsi. Ba wanda ya tashi. Suka aiko matuƙa suka yi ta miƙa musu akushi hannu da hannu, suka cinye, suka ƙara nauyi a inda ba a so. Na koma baya na fara ba da labarin jakina da murya ƙasa-ƙasa, matuƙa suna ta dariya, don dattawa su ji kwaɗayi su matso. Sai Cindo ya aiko a ce mai labari ya zo gaba. Na je, na ƙara musu nawa nauyin.

Da na gama labarin na ce, "Ranka ya daɗe, wai me ke cikin goshin nan? Rana ta fi zafi a nan, ruwa yana fantsamo muku."

Ya ce, "Kai baƙo ne, Malam Nomau, ba a ganin laifinka. A wurinmu babba ne ke fara shiga gari. Duk dattijon da ƙaraminsa ya riga shi ƙetare ƙofar wani birni, ko da taki ɗaya, ya sauka daga buzunsa ke nan har abada, jikokinsa ma sai an yi musu gori. Kakana a kan haka ya rasa nasa, jaki ne ya zabura da ƙaninsa. To ka ce in zauna a baya, mai wanke tukunya ya riga ni shiga Birnin Ƙyamare?"

Mai wanke tukunyar ni ne, amma na haɗiye. Na koma wurin Gwamma ina ƙunƙuni. A lokacin har mun fara hango ganuwar, shuɗiya shar, tana sheƙi a rana. Na ce, "Waɗannan ba zafi ba yunwa. Su dai su riga kowa shiga gari. Da jirgin nan da baya yake tafiya, da tuni sun zo sun danne ki a nan."

Ta juyo ta zuba mini ido har na fara tunanin ko na yi saɓo. Sai na ga haƙoranta, karo na farko tun da na hau jirgin.

Ta ce, "Ɗan tudu, je ka gaya musu Zabuwa da baya za ta shiga."

Ga yadda abin yake, kamar yadda ta bayyana wa matuƙa. In teku ta fara cika, ruwa yakan kwarara cikin lungun da ƙarfi zuwa tafkin birni. Wanda ya bi shi da goshi, ruwan ne ke ɗauke da shi, gudunsu ɗaya, wutsiya ba ta da abin kamawa. Ita kuwa za ta juya goshin Zabuwa ya dubi teku, ta saki anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke tsayar da jirgi, amma da gajeriyar igiya, yadda ba za ta kama ƙasa ba sai dai ta riƙa jan ciki a kan yashi. Ruwa zai tura jirgi da baya, anka tana rage masa gudu, ruwan ya riƙa wuce shi yana bi ta jikin wutsiya. Ta ce tana yarinya ta ga babanta ya shiga wani rafi haka.

Na je na sanar da dattawa. Cindo ya tambaye ni sau biyu ko da gaske nake. Da ya ga an naɗe zannuwan iska, goshi ya juya ya dubi inda muka fito, ganuwa kuma tana matsowa ta baya, sai ya miƙe. Ban san mai jiki irin nasa yana iya sauri haka ba. Suka taso gaba ɗaya, kowa rungume da turminsa, suna ture juna cikin ladabi, jirgi yana kukan katako. Suka zube a baya kewaye da Gwamma, da kyar suka bar mata wurin motsa sanda. Goshin Zabuwa ya ɗago, wutsiya ta nutse har wuya. Gwamma ta ɗan taɓa sanda, jirgin ya amsa nan take.

Muka shiga lungun. A kan ganuwa dama da hagu mutanen birni ne cike, masassaƙa a sahun gaba da gatura da igiyoyin awo. Da suka ga jirgi yana shigo musu da baya, ga tulin dattawa a kai, sai dariya ta ɓarke har wasu suna riƙe ciki. Wani ya nuna gefenmu ya ce wa abokinsa wannan katakon zai yi ƙofar zaure. Wata mata ta ce ita dai a bar mata wutsiyar, ɗakin girkinta ba ƙyaure. Na ji kunya ta rufe ni, na dubi Gwamma, ita ko a jikinta. Ta juya wa goshi baya, idonta a kan ruwa, tana ba da umarni a hankali: a ɗan saki igiya, a ɗan ja. Muka wuce lanƙwasa ta fari, muka wuce ta biyu, Zabuwa tana zamewa gefe zuwa gefe yadda aka ce mata.

A lanƙwasa ta ƙarshe ƙasan ruwan yana da rami. Ba wanda ya gaya mana. Igiyar anka da ke ta rawa tun shigowarmu sai ta yi laƙwas, ƙugiya ta rasa ƙasa tana lilo. Ruwa ya ɗauke mu gaba ɗaya. Gwamma ta tura sanda, ba abin da ya faru, ta ja, haka nan. Ganuwar hagu ta taho mana, har ina jin warin shuni.

Ta ce, "Ku saki igiya duka." Ko a nan ba ta ɗaga murya ba.

Igiya ta yi ta zuba cikin ruwa. Masu dariya suka yi tsit, masassaƙa suka fara gyara riƙon gatura. Sai da igiyar ta kusa ƙarewa muka ji wani gurnani daga ƙasa, anka ta sake samun yashi. Jirgi ya yi turjiya, ruwa ya dawo jikin wutsiya, Gwamma ta kwanta a kan sanda da dukan jikinta, ni ma na jefar da ludayi na kama mata. Bayan Zabuwa ya zame ya bar ganuwa, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. A daidai nan ne Cindo ya hango bakin tafki, ya ga kamar wani ƙaninsa ya ɗan fi shi leƙawa, sai ya miƙa jiki waje ya ware hannu don ya tabbata shi ne farko. Hannun farar rigarsa ya share ganuwa.

Muka fito tafki muka ɗaure a tasha. Sarkin Ƙofa, wani tsoho mai suna Jatau, ya shiga kwalekwale da farin ƙyalle ya zagaye Zabuwa yana goga jikinta. Ƙyallen ya fito fari. Amma babban masassaƙin birni, wanda ya riga ya yi wa katakonmu wuri a ransa, ya nuna hannun rigar Cindo ya ce, "Ga shuɗi can. Abin da ke cikin jirgi na jirgi ne. Kayan jirgi ya taɓa, jirgi ya taɓa."

Sarkin Ƙofa ya shafa gemu, ya ce maganar tana da ƙamshin gaskiya. 

Cindo ya taso a hankali ya tsaya gaban masassaƙin, inuwarsa ta rufe shi. Ya ce, "Yaro, wa kake kira kaya? Ni buhun dabino ne? Duk wanda ke kan ganuwar nan shaida ne, hannuna yana waje, ni na fara shiga birnin nan, jirgi ya biyo bayana. In kana da ja, ga dattawan Bangwal, faɗa musu a gabana cewa katako ya riga Cindo shiga gari."

Dattawa suka matso da turamensu. Masassaƙin ya dube su, ya dubi turamen, ya ce shi ma dai kamar ya ga hannun a waje. Sarkin Ƙofa ya yanke hukunci: jirgi ya shigo da tsarki, Bagudu ya samu sallama, riga kuwa ta taɓa, ta zama ta gari. Aka tuɓe wa Cindo ita, aka rataya a ƙofar kasuwa ta zama labule, ya tafi ɗaurin aure da 'yar shara yana taƙama, don ba dattijon Bangwal da ya taɓa barin irin wannan shaida a wani birni.

Ba mu je neman Bagudu ba, shi ya zo. Ashe yana kan ganuwa tun shigowarmu. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne, gashi fari fat, yana dogara sanda. Jama'a suka buɗa masa hanya. Ya tsaya a bakin katakon hawa jirgi ya daɗe yana kallonsa, don ƙafarsa ta manta abin da ke motsi. Gwamma ta sauko ta durƙusa ta ce, "Baba." Sai hawaye suka zubo mata.

Ya ce, "Tashi, uwata, mutane na kallo." Shi ma hawaye yake.

Ta miƙa masa hannu, ya ƙi, ya taka da kansa, jirgi ya ɗan motsa, sai ya kama hannun da sauri. Bai dubi kaya ba, bai dubi kowa ba, ya wuce baya ya ɗora tafinsa a kan sandar wutsiya.

Ya ce, "Wa ya koya miki shiga garin mutane da baya?"

Ta ce, "Kai, Baba."

Ya ce, "Ni a rafi na yi, inda ba kowa sai kwaɗi." Ya shafa sandar. "Ranar da na zo nan, na san haka ya kamata in shigo. Har na buɗe baki zan ce a saki anka, sai na ɗaga kai na ga jama'a a kan ganuwa. Na ce Bagudu ba zai zama abin dariya ba. Yau na tsaya cikinsu ina ji suna yi miki, ina cewa a raina, ku yi ta yi, 'yata ce."

Da teku ta fara janyewa washegari da hantsi, muka kwance. Gwamma ta sa aka juya goshin Zabuwa ya dubi birni, aka saki anka da gajeriyar igiya, don fita ma da baya za a yi. Masassaƙa suka hau ganuwa, amma wannan karon ba su ɗauko gatura ba. Ta matsa gefe ta ce, "Baba, fitar da mu."

Ya ɗaga hannayensa ya nuna mata yadda suke karkarwa, ya ce, "Uwata, waɗannan ba su riƙe komai yanzu sai kofin koko."

Ta kama su ta ɗora a kan sandar, ta ɗora nata a sama. Ruwa ya fara wucewa ta jikin wutsiya, na ga tsohon ya rufe ido yana saurarensa ta tafin hannu. Can ya ce, "A ɗan saki igiya," aka saki, Zabuwa ta zame ta shiga lungun.